Jimirin Mai Goyo Da Mai Jego

 

Babu kalmar da ake yawan faɗa wa 'ya mace a ƙasar nan kamar haƙuri. Ranar da za a kai ki ɗakin miji, gwaggo ta ce ki yi haƙuri, inna ta ce ki yi haƙuri, matar Fasto ma da ta zo yi miki addu'a da haƙurin za ta rufe. In cefane ya yi ƙaranci, haƙuri. In haihuwa ta yi jinkiri dangin miji suka fara habaici, haƙuri. In an yi miki rasuwa, haƙuri. Har ta kai mun saba da jin kalmar kamar yadda muka saba da sannu, ba ma tsayawa mu tambayi kanmu wane irin haƙuri ne Allah yake nema a wurinmu. Domin kuwa akwai haƙurin jaki, wanda ake lafta wa kaya ana bin sa da sanda bai san dalili ba. Akwai kuma jimirin mai bi, wadda ta san abin da take riƙe da shi, ta kuma yarda ta saki komai don kada wannan abu guda ya suɓuce mata. Wannan na biyun nake so mu tattauna a kai, kuma hanya mafi sauƙi ita ce in ba ku labarin wasu mata biyu irinmu, ɗaya mai goyo, ɗaya mai jego.

Abin ya faru ne a shekara ta 203 bayan haihuwar Almasihu, a birnin Kartaj da ke arewacin Afirka, wanda kangonsa yake nan har yau a gefen Tunis, babban birnin ƙasar Tunisiya. A wancan zamani Romawa ne ke mulkin wurin, sarkinsu kuwa Saftimiyus Safirus. Hukuma na so kowa ya miƙa hadaya ga gumaka don lafiyar sarki, wanda duk ya ƙi sai a ɗauke shi a matsayin mai tawaye. To, sai aka kama wasu matasa biyar 'yan ajin baftisma. A cikinsu akwai Farfetuwa, wadda Turawa ke rubutawa Perpetua, 'yar babban gida, mai ilimi, matar aure, shekararta kamar 22, da ɗanta namiji yana shan nono. Akwai kuma Filisita, baiwa, tana da juna biyu. Daga baya malaminsu Saturus ya kai kansa da kansa don kada ya bar almajiransa su kaɗai. Abin da ya sa muka san labarin filla-filla shi ne Farfetuwa ta rubuta abin da ya same ta da hannunta tana tsare, wani kuma da ya ga ƙarshen al'amarin ya ƙarasa. Rubutun nata yana cikin mafiya daɗewa da muke da su daga hannun mace Kirista.

Kin san waye ya fara zame mata jarraba? Mahaifinta ne, wanda yake ƙaunarta fiye da sauran 'ya'yansa, kuma shi ba mai bi ba ne. Tun ana tsare da su kafin a kai su kurkuku ya zo yana lallashinta ta bar wannan hanya. Sai ta nuna masa wani tulu da ke ajiye a wurin, ta tambaye shi ko za a iya kiran tulun nan da wani suna dabam. Ya ce a'a. Ta nuna masa cewa haka ita ma, ba ta da wani sunan da za ta amsa in ba Kirista ba. Tsohon ya fusata ya yo kanta kamar zai ƙwaƙule mata ido, amma ya fasa ya tafi. A cikin waɗannan kwanaki aka yi musu baftisma, kuma abin da ta roƙi Allah bayan ta fito daga ruwan abu ɗaya ne tak, wato ya ba jikinta ƙarfin jurewa.

Bayan 'yan kwanaki aka kai su kurkuku. A nan ne nake so ki buɗe kunnenki da kyau, ke da kike zaton masu bangaskiya ba sa jin tsoro. Farfetuwa ba ta ɓoye ba, ta rubuta cewa ta firgita, don ba ta taɓa shiga duhu irin wannan ba. Ga zafi saboda cunkoson mutane, ga sojoji na matsa musu, ga kuma abin da ya fi duka ci mata rai, wato tunanin jaririnta. Duk wadda ta taɓa shayarwa ta san abin da nake nufi. Ko kasuwa kika je kika daɗe, nono ya cika ya fara tsiyaya, nan take zuciyarki za ta gaya miki yaro na can yana kuka, ba ki ƙara jin daɗin ciniki. To, ina ga wadda aka kulle, ba ta san ranar fita ba? Sai da wasu masu hidimar ikkilisiya biyu suka ba da kuɗi aka bar fursunonin suka fito wani sashe mai ɗan sarari na wasu sa'o'i, sannan aka kawo mata ɗan, ya riga ya galabaita da yunwa, ta ba shi nono. Daga baya ta nemi izini aka bar shi ya zauna tare da ita, nan take hankalinta ya kwanta, lafiyarta ta dawo, har ta daina ganin munin wurin.

Mahaifin bai daina ba. Da ya ji ranar shari'a ta kusa sai ya sake zuwa, wannan karon ba da faɗa ba. Ya roƙe ta ta dubi furfurarsa, ta tuna mahaifiyarta da 'yan'uwanta, ta tuna ɗanta da ba zai rayu ba in babu ita. Ya sumbaci hannayenta, ya faɗi a ƙafafunta yana hawaye, har ya daina ce mata 'yata ya koma yi mata kirari irin na uwargida. Allah sarki! Ranar shari'a kuma sai ga shi da jaririn a hannu. Mai shari'ar, Hilariyanus, shi ma ya ce ta ji tausayin tsohon da yaron, ta yi hadayar kawai. Ta ƙi. Ya tambaye ta ko ita Kirista ce, ta amsa masa cewa ita ce. Da tsohon ya ci gaba da ja mata hannu, sai mai shari'a ya sa aka ture shi aka doke shi da sanda. Ta ce dukan nan ta ji shi tamkar a jikinta ya sauka. Aka yanke musu hukunci za a jefa su ga namun daji a filin wasa, ranar bikin haihuwar Geta ɗan sarki. Da ta aika a karɓo mata ɗanta, mahaifin ya hana. Daga ranar yaron bai ƙara neman nono ba, ita ma nonon bai yi mata ciwo ba, ta ɗauki wannan a matsayin jinƙan Allah a gare su duka biyu.

'Yar'uwata, tsaya mu ɗan yi nazari a nan. Sau da yawa muna zaton gwajin bangaskiya zai zo mana da fuskar maƙiyi, da wuƙa a hannu. Alhali wanda ya fi wuyar tsallakewa yakan zo ne da fuskar mai ƙaunarki, da hawaye a ido. Shekara biyar da aure ba haihuwa, sai mahaifiyarki da kanta ta kira ki ɗaki ta ce akwai wani boka a ƙauye kaza, ai ba wanda zai sani, ki taimake ni in ga jikana kafin in mutu. Ke budurwa kina makaranta, kuɗin makaranta ya gagara, ga wani mai kuɗi mijin wata yana bin ki da mota, sai yayarki ta ce ke kam kin cika taurin kai, ai gidanmu za ki rufa wa asiri. Waɗannan duk ba maƙiyanki ba ne, tsoro da talauci ne suka sa su magana. Dubi yadda Farfetuwa ta yi. Ba ta zagi mahaifinta ba, ba ta ce masa arne ba, ba ta ɗaga masa murya ba. Ta yi baƙin ciki dominsa, ta ta'azantar da shi iyakar iyawarta, amma abu ɗayan nan ba ta ba shi ba. Ana iya girmama iyaye da durƙusawa da taushin murya, a kuma ce musu a'a a kan abin da ya saɓa wa Allah.

Mu koma kan Filisita. Ita cikinta ya kai wata takwas, dokar Romawa kuwa ta hana a kashe mace mai ciki. Wata a matsayinta sai ta yi murna ta ce ta sami mafita. Ita kuwa damuwarta kada a bar ta a baya, daga bisani a kashe ta tare da masu laifi, ba tare da 'yan'uwanta ba. Saura kwana biyu ko uku a yi wasan, sai suka haɗu suka yi addu'a tare, suna gamawa naƙuda ta kama ta. Haihuwar wata takwas ce, ta sha wuya ƙwarai, ta yi nishi ta yi kuka kamar kowace mace. Wani daga cikin masu gadin kurkukun ya yi mata ba'a, wai in wannan ya sa ta kuka, me za ta yi ranar da ta ga namun daji? Amsar da ta ba shi ita ce, wahalar yau tata ce, amma a ranar akwai wani a cikinta da zai ɗauke mata, tun da dominsa za ta sha. Ta haifi 'ya mace, wata 'yar'uwa ta karɓa ta rene ta kamar tata.

Na sha jin mata a Zumunta, in an ba da irin wannan labari, suna girgiza kai suna cewa, "Ni kam in ni ce ba zan iya ba." Gaskiya kika faɗa, a yau ba za ki iya ba, don ba a ba ki ƙarfin ba tukuna. Ke da kika haihu, tuna daren da kika fara jin labarin naƙuda kina amarya, yadda cikinki ya ɗuri ruwa. Da ranar ta zo fa, ina kika samo ƙarfin? Allah ba ya ba mutum guzurin gobe tun yau don ya ajiye a ɗaki yana kallo, yakan ba da na kowace rana a ranarta. Ki lura kuma da wani abu. Filisita ba ita kaɗai ta jure ba. Wasu suka yi addu'a tare da ita, wata ta karɓi jaririyar, wasu suka biya kuɗi don Farfetuwa ta shayar da ɗanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Macen da ta kulle ƙofa ta ce ita mai haƙuri ce, ba wanda zai ji damuwarta, ta hana kanta taimakon da Allah ya shirya mata ta hannun 'yan'uwa.

Yanzu ga wurin da na fi so a duk labarin, kuma shi ne ba a cika faɗa mana ba. Hafsan sojan da ke tsaron su ya tsananta musu, don an tsorata shi cewa wai za a sace su daga kurkuku ta hanyar sihiri. Kin san abin da Farfetuwa ta yi? Ta dube shi ido da ido ta nuna masa cewa tun da su ne za a fitar ranar bikin ɗan sarki, ai mutuncinsa ne a gan su da ƙiba, ba a rame ba. Kunya ta kama shi, ya ba da umarni a sassauta musu, a bar 'yan'uwansu su riƙa shigowa. Ranar wasan kuma, a bakin ƙofa, aka so a tilasta musu sa tufafin masu bautar gumaka, maza irin na wani gunki, mata irin na wata gunkiya. Nan ma ta tsaya ta ƙi, ta tuna musu cewa ai don kada su yi irin wannan ne suka yarda su ba da ransu. Hafsan ya ga gaskiyarta, aka bar su da kayan jikinsu.

Kin gani ko? Jimiri yana da baki. Matar nan ta yarda ta mutu saboda sunan Almasihu, amma ba ta yarda a bar ta da yunwa a banza ba, ba ta kuma yarda a wulaƙanta ta da abin da ba ya cikin hukuncin ba. Ba ita ta fara ba. Manzo Bulus, da aka ɗaure shi za a yi masa bulala a Urushalima, ya buɗe baki ya faɗa musu shi ɗan ƙasar Roma ne, suka janye. Ubangijinmu ma da kansa, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, ya tambaye shi dalilin marin.

Don haka ina so in faɗi wata magana a fili, ko da wasu za su ji haushina. Dukan da miji yake yi miki in ya sha ya bugu, wannan ba gicciyen Almasihu ba ne. Hana ki abinci, ko hana ki zuwa asibiti kina da ciki, ko korar 'ya'yanki daga makaranta alhali yana da hali, duk ba wahala ce domin bangaskiya ba, zalunci ne, kuma Allah bai ce ki rufe shi da zane ba. Ki yi addu'a, i, ki guji ramuwa da zagi da tona asiri a bakin famfo, amma ki tashi ki je wurin iyayenki da nasa, ki je wurin Fasto da dattawan ikkilisiya, in ranki na cikin haɗari ki kai kanki inda za ki tsira, ki nemi hukuma. Ku kuma iyayenmu mata, in yarinya ta zo muku da kumburarren ido, kada ku tsaya a kan "koma ki yi haƙuri" kawai. Ku bi ta, ku zauna da mijin, ku faɗa masa gaskiya. Mata nawa muka binne da sunan haƙuri?

Ranar wasan aka fito da su. Mazan aka sake musu namun daji, matan kuma aka tanadar musu wata saniya mai tsananin faɗa. Da farko an tuɓe su aka sa su cikin raga, amma jama'ar da suka zo kallo da kansu suka kasa jurewa da suka ga yarinya ɗanya da kuma mai jego nono na ɗiga, sai aka mayar da su aka sa musu riguna. Ki tuna, a wurinmu mai jego tana ɗaki kwana arba'in, ana dafa mata ruwan wanka, ana dama mata kunun kanwa, ko tsakar gida ba a so ta cika fita. Ita kuwa Filisita kwana biyu da haihuwa ga ta a gaban saniya. Saniyar ta ɗebi Farfetuwa ta yar. Da ta tashi zaune, abin da ta fara yi shi ne ta ja rigarta da ta yage ta rufe cinyarta, sannan ta nemi tsinke ta ɗaure gashinta, don a al'adarsu mai makoki ce ke barin gashi a barbaje, ita kuwa ba ta ɗauki ranar a ranar makoki ba. Ta duba ta ga Filisita a ƙasa, ta je ta miƙa mata hannu ta tashe ta, suka tsaya tare, 'yar babban gida da baiwa. Ta kira ɗan'uwanta da wani ɗan ajin baftisma ta gargaɗe su su tsaya da ƙarfi, su ƙaunaci juna, kada abin da suka gani ya sa su tuntuɓe. A ƙarshe da takobi aka ƙarasa su, bayan sun yi wa juna sumbar salama.

Kimanin shekara 200 bayan haka, babban malamin nan Agustin, bishof na Hifo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, yana wa'azi a kansu a ranar tunawa da su. Har yau ikkilisiyoyi da dama suna tunawa da su ran 7 ga Maris, kuma ana sa wa 'ya'ya mata sunayensu har a nan Najeriya, wataƙila ma a cocinku akwai mai sunan. Kada kuma ki ce wannan labarin mutanen da ne. Ran 19 ga Fabrairu 2018 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi ta Jihar Yobe. Ran 21 ga Maris suka mayar da mafi yawansu, amma suka riƙe Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14, kuma 'yan'uwanta ɗalibai da suka dawo su ne suka ba da labarin cewa ta ƙi barin addininta ne. Musulmi da Kirista duka sun yi Allah wadai da wannan ta'asa.

To amma yawancinmu ba za a kai mu gaban mai shari'a ba, ba kuma za a tsare mu a daji ba. Namu filin wasan yana cikin madafa, da kasuwa, da gidan biki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ba ta saba ce wa ranta a'a a kan ƙaramin abu ba, ina za ta iya a kan babba? Wannan shi ne musun kai. Kina sayar da hatsi, kowa a layinku ya bubbuge gindin mudunsa, ke ki bar naki yadda yake ko da ribar ta ragu. Kina sayar da manja ko garin yaji, ki ƙi yin algus. An fitar da anko, kuɗin da ke hannunki na littattafan yara ne, ki sa tsohon zanenki ki je bikin da fara'arki, masu magana su yi ta yi. Kuɗin adashi na hannunki amana, ga wani leshi ya shiga ranki, ki kau da kai. An kawo miki gulma mai daɗi a kan matar da ba kwa shiri, har ta zo bakinki, ki haɗiye. Waya na hannunki tun safe, ki ajiye ta ki buɗe Littafi Mai Tsarki tare da yara. Azumin kwana 40 da ikkilisiyoyi da yawa ke yi kafin Ista ma ai makarantar wannan ce, a koya wa ciki cewa ba shi ne maigida ba. Sai dai mai ciki da mai shayarwa da mara lafiya kada su cuci jikinsu da sunan azumi, akwai abubuwa da yawa da za a hana wa rai ban da abinci.

Akwai wata baba a ikkilisiyarmu da nake yawan tunawa in ana maganar nan. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, ba a yi wata uku ba dangin mijin suka kwashe kayan ɗaki suka kama gonar. Ta koma suyar ƙosai a bakin hanya, tun asuba tana gaban wuta har hayaƙi ya ɓata mata ido. Maƙwabta suka ba ta shawara ta je a yi mata maganin kasuwa, ta ƙi. Wani mai hali ya ce zai ɗauke mata kuɗin makarantar yaran duka in za ta riƙa zuwa inda yake, ta ce masa ta gode, ta koma kan kaskonta. Amma a kan gonar marayu ba ta yi shiru ba. Ta je wurin dattawan ikkilisiya, suka raka ta gaban mai unguwa, ta yi ta zirga-zirga fiye da shekara, ba zagi ba tsinuwa, har aka mayar wa yaran rabin gonar. Ba ta yi arziki ba, har ta tsufa a ɗakin haya take. Amma duk matar da abin duniya ya dama a unguwar, Kirista ko Musulma, ƙofarta take bugawa, don an san bakinta ba ya faɗin abu biyu, kuma 'ya'yanta ba wanda ya taɓa sunkuyar da kai don an ambaci sunan uwarsa.

Saboda haka 'yar'uwata, in an sake ce miki ki yi haƙuri, ki karɓa da hannu biyu, amma ki shiga ɗaki ki tambayi kanki tambayoyi uku. Wannan wahalar, don na ƙi saɓa wa Allah ne take samuna, ko kuwa zalunci ne da ya kamata in kai ƙara? Mene ne abu ɗayan da ba zan sayar ba ko nawa aka taya? Wace 'yar'uwa ce zan kira ta yi addu'a tare da ni, wace ce kuma take jiran in miƙa mata hannu in tashe ta? In kin amsa waɗannan tsakaninki da Allah, to ki ɗaure gashinki, ki gyara zanenki, ki fita ki fuskanci ranar. In kuka ya zo ki yi kukanki, Filisita ma ta yi. In tsoro ya zo ki faɗa wa Ubangiji kina jin tsoro, Farfetuwa ma ta faɗa.

Allah ya ba mu jimiri irin na bayinsa, ya ba mu hikimar sanin lokacin shiru da lokacin magana, ya ta'azantar da duk wadda take cikin ƙunci a ɗakinta, ya kuɓutar da waɗanda ke tsare saboda sunansa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sai mun sake saduwa a rubutu na gaba, in Ubangiji ya bar mu da rai.

Taku 'yar'uwa cikin Almasihu.